Walƙiya a Bangon Ɗakin Yaya

A layinmu, da zarar an kawo wuta sai gidaje su ɗauki hayaniya. Fanka ta fara juyi, rediyon da aka manta a kunne ya kama surutu shi kaɗai, mata su yi rige-rigen jona dutsen guga. A gidanmu ma haka ne, ban da mutum ɗaya. Yaya, wato yayar mijina, idan ƙwan fitilar ɗakinta ya kama, ajiye duk abin da ke hannunta take yi, ko da allura na tsakiyar yadi. Ta goya 'yarta, ta ratsa tsakar gida da sauri, ta fice bayan gida.

Da gangan take barin makunnin a kunne. Ta auna abin: daga kamawar ƙwan zuwa lokacin da mijina zai gama jawo wayoyinsa ya maƙala ƙarfe, tana da kamar minti uku. A cikin minti ukun nan take tsira da kanta da yarinyar.

Mijina mai walda ne. Da aka rushe shagunan bakin titi don faɗaɗa hanya, ya kwaso injinsa da tarkacen ƙarafansa ya girke su a tsakar gida, daidai gindin tagar Yaya, don ta nan babbar wayar wuta ta shigo. Ita kuma Yaya tela ce, kekenta na jikin tagar saboda haske. Tana da farfaɗiya, irin wadda haske mai ƙiftawa ke tayarwa. Shekara biyu da rabi rabonta da faɗuwa. Tana shan maganinta safe da yamma, ba ta zama gaban talabijin, ko mota ta shiga ba ta kallon rana tana giftawa ta tsakanin itatuwa. Mace ce da ta san ciwonta ciki da waje.

Dalilin wannan taka-tsantsan kuwa yana bayanta a goye: 'yarta mai wata goma, wadda muke kira Tsuntsuwa saboda yadda take wangale baki in ta hango cokali. Auren Yaya ya mutu, dangin uban suka bar mata yarinyar bisa sharaɗi guda. Gwaggon yarinyar, malamar makaranta mai ritaya wadda ba ta magana biyu, ita ta faɗe shi a gaban kowa: "Ranar da ciwon ya kayar da ke da yarinyar nan a hannunki, ranar zan zo in ɗauke ta. Ba ƙiyayya ba ce." Duk bayan sati biyu take zuwa ta duba.

Tun ranar da aka sauke injin Yaya ta yi magana. Ina wanke-wanke ina jin su.

"Auta, me zai hana ka kai shi bayan gida? Ga fili can kusa da akurkin kaji."

"Waya ba za ta kai ba, Yaya. Kuma wa zai gan ni a can? Mai kawo aiki in ya leƙo ƙofa, so yake ya ga ana aiki."

"Ka dai san hasken nan shi ne abin da likita ya hana ni."

"To wa ya ce ki kalla? Shekarata goma sha biyar ina fama da shi, kin taɓa jin na faɗi? Ido kawai yake ci. In mutum bai kalli bakin sandar waldar ba, ba abin da zai same shi."

Abin da mai walda ya sani game da hasken walda shi ne yana ƙona ido, ka kalle shi ka wayi gari kana jin kamar an watsa maka yashi. Duk bayanin da aka yi wa mijina, sai ya mayar da shi ciwon ido. Washegari ya kawo mata baƙin gilashinsa na aiki, har da goge shi da gefen riga, yana jin ya gama taimako. Yaya ta saka, ta juya kai dama da hagu.

"Ba na ganin allura, ba na ganin 'yata, kai ma ba na ganinka."

Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ake sayensa da tsada.

Ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla. Ba kallon ba ne, ƙiftawar ce. Hasken ya zo, ya ɗauke, ya zo, ya ɗauke, shi ke taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ko ta runtse ido yana ratsa fatar idon, shi ya sa likita ya ce in abin ya rutsa da ita ta toshe ido ɗaya da tafin hannu ta kawar da kai. Ta ɗauko takardar asibiti ta miƙa masa. Ya karɓa da hannunsa mai baƙin mai, ya juya ta gaba da baya, ya mayar mata.

"Likita bai san walda ba," in ji shi.

Ya rataya mata buhu a taga. Na shiga ɗakin da kaina yana tsakiyar aiki, don in ga ko Yaya ce ke da ƙorafi. Buhun ya hana iska shiga, amma bai hana hasken ba. Yana bi ta saƙar buhun, ta ƙarƙashin ƙofa, ta ratar da ke tsakanin bango da rufin kwano. Farin bangon ya yi shuɗi, ya koma duhu, ya sake yin shuɗi, da sauri da sauri ba tsari. Ni da nake lafiya lau sai da kaina ya sara kafin in fito.

Ta kai ƙara wurin Inna, uwarsu. Inna na zaune kan tabarma tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shi ke ciyar da gidan nan. Ki bar shi ya nemi abincinmu."

"Ban ce ya bari ba, Inna. Taku ashirin kawai zai matsa."

"Ciwon nan ba walda ta kawo miki shi ba. Tun kina budurwa kike faɗuwa. In Allah ya nufa za ki faɗi, ko a cikin tulu kika ɓuya sai kin faɗi." Ta hure ƙaiƙayin da ke tafinta. "Kuma kajina na can. Ƙarar nan za ta hana su ƙwai."

Da kunnena na ji wannan. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ja bakina na yi shiru, don a ganina matar ɗa ba ta shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta.

Haka Yaya ta koma zaman bayan gida, gefen akurkin, inda ba inuwa sai ɗan abin da bangon banɗaki ya bayar. Ta kai ɗan benci ta ajiye. Wata rana awa ɗaya, wata rana tun hantsi har rana ta yi sanyi, gwargwadon yadda wuta ta ga damar zama. Ƙudaje da warin kaji suka zama abokan hirarta. Tsuntsuwa ta yi ƙurajen zafi a wuya. Ɗinkin mutane ya taru, masu kaya suka fara zuwa suna karɓe yadinsu ba a yanka ba, wasu da ban haƙuri, wasu da baƙar magana.

Ni na fara lura da alamun, don ni ke kai mata shayi da safe. Hannunta ya fizga haka kawai, kofi ya tafi ƙasa. Tana cikin magana sai ta tsaya, idonta a kafe a wuri ɗaya, ta ɗauki ɗan lokaci sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta ma san ta tsaya ba. Komai saurinta, wani lokacin walƙiyar farko na kama ta a tsakar gida, ga kuma barcinta da ya ragu. Ta koma asibiti. Likita ya ce maganin na aikinsa, hasken ne za a raba ta da shi. Da ta dawo ta faɗa, mijina ya ce to ai ga buhu nan an saka.

A sati na biyar ta faɗi. An kawo wuta tana banɗaki, Tsuntsuwa na hannuna. Ta fito tsakar gida daidai lokacin da ya ɗora sanda a kan ƙarfe. Na ga ta ɗaga hannu za ta toshe ido, hannun bai kai ba. Ta tafi gaba ɗaya kamar an sare ta, goshinta ya daki gefen wani ƙyaure da aka jingine. Inna ta taho da cokali za ta cusa mata a baki, na tare ta da kafaɗa, don Yaya ta sha koya mini: a juya ta gefe, a tallafe kanta da abu mai laushi, kada a sa mata komai a baki. Mijina ya kashe injin ya tsaya da sanda a hannu. Gaskiya ya tsorata. Amma da ya buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Sai da na ce kada ta kalla."

Da ta farfaɗo, ta daɗe tana kallonmu kamar baƙi. Sannan ta ce, "Ina yarinya?"

"Ga ta. Tun farko tana hannuna."

"Ki faɗi haka in an tambaye ki, Amarya."

Ba a tambaye ni ba. Inna ta ce kada maganar ta wuce ƙofar gida. Da Gwaggo ta zo ta ga ƙullutun da ke goshin Yaya, Inna ta riga kowa cewa ƙofa ce ta buge ta. A ranar ba wuta, injin na rufe da leda. Gwaggo ta dubi goshin, ta dubi ƙarafan da suka cika tsakar gida, ta ɗaga Tsuntsuwa ta duba ta tun daga kai har tafin ƙafa. Ta ce, "A dai riƙa lura da ƙofofi." Ta sha ruwa ta tafi.

Da yammacin ranar Yaya ta yi sallama a ɗakina. Ɗakina ne na ƙarshe a gidan, tagarsa bayan gida take kallo, hasken walda ba ya isa can. Ta zauna bakin gado tana murza gefen zaninta.

"Amarya, wata alfarma na zo nema. Ki duba ko za mu yi musanyar ɗaki. Ko na ɗan lokaci ne, kafin ya sami shago."

Na dubi gadona, na dubi durowar kayana da na san ba za ta shiga ƙofar ɗakinta ba. Na tuna maganar Inna, cewa wanda ya kwana inda mai farfaɗiya ke kwana yana iya ɗauka. Na san ƙarya ne, wata nawa muna cin abinci kwano ɗaya da Yaya. Amma ina da ƙaramin ciki a lokacin, kuma sai tsoro ya rinjayi abin da na sani.

"Bari in yi shawara da Maigida," na ce.

Ta gane. Ta ce ba komai. Da za ta fita ta taɓa labulena ta ce bakinsa ya warware, in kawo ta kama mini. Ban taɓa yi wa mijina maganar ba, kuma ita ma ba ta sake tayar da ita ba.

Abin da faɗuwar ta jawo shi ne ya yi alkawarin zai riƙa sanar da ita. Kafin ya ɗora sanda sai ya ɗaga murya, "Yaya, zan fara." Ya yi kwana huɗu yana yi. A na biyar wani mai kawo aiki na tsaye ya ji, ya yi dariya ya ce, "Oga, a gidanka ma sai ka nemi izini?" Daga ranar ya daina. Da na yi masa magana ya sha mur ya ce ai tana da fitilarta, fitila ba ta mantuwa.

Sai taransifomar layinmu ta ƙone. Kwana shida ba wuta. Kowa na ƙorafi, ruwan sanyi ya yi wuya, masu janareta suka cika unguwa da ƙara tun safe har yamma, ga injin niƙan maƙwabtanmu da ba ya hutawa. Yaya kuwa sai ta dawo mutum. Ta cire buhun, ta buɗe taga, kekenta ya kama aiki. Ina jin ta tana yi wa Tsuntsuwa waƙa tana taka keke. Har tsokanata ta yi, ta ce cikin nan nawa da nake ɓoyewa ya kusa fara gaishe da mutane da kansa. Na daɗe ban ji dariyarta ba sai a kwanakin.

Mijina kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana da aikin babban get na wani mai gidan burodi, mutumin yana zuwa kullum yana tsayawa a kansa. Rana ta bakwai da safe aka kawo janareta a kan baro, aka ajiye ta waje jikin katanga, ya zuro wayar ta ƙarƙashin ƙofa. Yaya na ɗaki tana shayarwa, ba ta gani ba.

Na ce, "Maigida, ka faɗa wa Yaya? Wannan ba za ta kunna fitilar ɗakinta ba."

"Ba mai a ciki. Sai yamma za a kawo. Ke ki faɗa mata mana."

Na ce to. Na ce bari in gama wanki tukuna, yamma da sauran nisa. Ashe mai gidan burodi ba zai jira yamma ba. Kafin rana ta take ya iso da jarkar mai a motarsa.

Ina shanya a bayan gida na ji wata ƙara ta ƙaru a kan waɗanda kunnena ya saba da su, kusa ƙwarai. Na gane janaretarsa ce. Na yar da rigar da ke hannuna na ruga.

Ƙofar Yaya a buɗe take, taga ma a buɗe. Tana durƙushe gaban baho, Tsuntsuwa na cikin ruwa jikinta duk kumfar sabulu, butar ruwan zafin da take sirkawa da ita na gefen ƙafarta. Ƙwan fitilar da ke saman kanta a mace yake. Na buɗe baki zan kira ta, sai bango ya yi shuɗi.

Hannu ɗaya kawai take buƙata ta toshe ido. Amma hannayenta biyu na riƙe da yarinya mai santsi a cikin ruwa. Na ga ta ɗago, na ga ta gane abin da ke zuwa. Ba ta saki ba. Ta ciro Tsuntsuwa daga ruwan, ta miƙa ta iya tsawon hannunta, ta kwantar da ita kan tawul nesa da bahon. Tana ajiye ta jikinta ya sandare, ta kife gefe, ƙafarta ta shuri butar.

Ruwan ya bi siminti ya sami ƙafar yarinyar kafin ni in same ta. Ban taɓa jin irin wannan kukan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na sure ta na tsoma ƙafar a bokitin ruwan sanyi, ina ƙwala wa mijina kira ya kashe. Bai ji ba. Janareta na ruri, fuskarsa na cikin garkuwar walda, mai gidan burodi na tsaye ya juya baya yana waya. Yaya na ƙasa tana jijjiga, hasken na ci gaba da ƙiftawa a kanta, a bango, a cikin ruwan da ya malale. Sai da Inna ta rarrafo ta finciki rigarsa sannan ya ɗaga sandar.

A asibiti aka naɗe ƙafar tun daga idon sawu har gwiwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce za ta warke, amma tabo zai zauna. Muna dawowa muka tarar da Gwaggo a ɗakin Inna, jakarta a kan cinya. Labarin da aka yi a gaban mai gidan burodi da rabin layi ba ya ɓoyuwa.

Yaya ta ciji harshenta sosai, ya kumbura, magana ba ta fita daidai. Ta zauna rungume da yarinyar tana kallon ƙasa. Inna ce ta fara.

"Ciwon ne ya dawo, sai haƙuri. Ina jin ma ta ɗan yi sake da maganin kwanan nan."

Yaya ta ɗago da sauri tana girgiza kai, ta yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito ba wanda ya gane.

"Mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu," in ji mijina, yana kallon farcensa. "Har gilashi na ba ta. Na sa mata buhu a taga."

Gwaggo ba ta dube su ba. Ni ta duba.

"Ke aka ce kina wurin. Me ya faru?"

Na ji idon mijina a kaina, na ji na Inna. Na san in na yi magana zaman gidan zai yi mini ɗaci. Amma na ga an ɗora wa matar da ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba laifin sakaci, alhali ba ta da harshen kare kanta. Na faɗi komai. Na faɗi taku ashirin, na faɗi kaji, na faɗi faɗuwar farko da aka ce ƙofa ce. Na faɗi janareta da wankina. Na faɗi ɗakina da ta roƙa na hana. Na faɗi yadda ta ƙi sakin yarinyar sai da ta raba ta da ruwa. A raina ina cewa in Gwaggo ta ji ba laifin Yaya ba ne, za ta bar mata 'yarta.

Gwaggo ta saurara har na gama. Ta juya ga mijina.

"Sati nawa da ta fara roƙonka?"

Ya ci gaba da kallon farcensa.

Ta matsa kusa da Yaya, ta sassauta murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Na yarda ba ki yar da ita ba. Na yarda ke kika cece ta. Da ciwonki ne kaɗai, da na ƙara miki lokaci, don na ga yadda kike riƙe shi. Amma gidan da ya ga uwa ta faɗi bai matsa ba, ba zan bar jaririya a cikinsa ba. In kin sami wurin zama da hasken nan ba ya kai miki, ki zo mu yi magana."

Duk wanda ke ɗakin ya san Yaya ba ta da wani wuri. Masu ba ta ɗinki sun watse, nan ne gidan ubanta, ba ta da wani.

Ba ta yi gardama ba. Ta nemi a bar ta ta shayar da ita, aka bar ta. Ta ninke 'yan rigunan da ta ɗinka mata da hannunta ta zuba a jaka. Da harshen nan nata mai nauyi ta riƙa yi wa Gwaggo bayani, tana maimaitawa har a gane: ba ta barci sai an dafa mata baya, ba ta son ruwa a fuska, a riƙa shafa mata hoda a wuya. Gwaggo na cewa to, to. Da aka fita da yarinyar tana kuka tana miƙo hannu, Yaya ta raka su har ƙofa, ta tsaya tsakanin ƙarafa har ƙarar motar ta ɓace.

Ba wanda ya ƙi Yaya a gidan nan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da maƙiyi ne, da ta san yadda za ta kauce masa. Mu ne, masu gaishe ta da safe, masu cewa Allah ya ba ta lafiya. Kowannenmu ya ga abin da ke tafe, kowa ya duba ɗan abin da zai rasa in ya matsa, sai ya ga ai wani ne ya kamata ya matsa. Ciwon da ta yi shekara biyu da rabi tana riƙe da shi bai fi ƙarfinta ba. Mu muka fi ƙarfinta, don ta roƙe mu ɗaya bayan ɗaya, a fili, da maganar da ƙaramin yaro zai gane.

Washegari da safe mijina ya fita, ya dawo da naɗin waya a kafaɗa. Ya aro ta wurin mai gyaran wuta na ƙarshen layi, don maganar ta zaga kuma ya ga yadda maza suka amsa gaisuwarsa a daƙile. Ya jona, ya ja injin, ya kwashe ƙarafan ya kai bayan gida. Ban gama wanke kwanukan safe ba ya gama. Ya share tsakar gida tas, har ya yayyafa ruwa.

Sannan ya je ƙofar Yaya ya tsaya yana goge hannu. Tana zaune gaban kekenta ba ta taɓa shi ba, gaban rigarta ya jiƙe da nono.

"Yaya, na matsar da shi. Yanzu ba abin da zai dame ki."

Ta juyo. Da ta yi magana, a hankali ta yi, saboda harshen, amma duk mun ji.

"Ka mayar da shi inda yake, Auta, masu aiki su gan ka. Yanzu ko na faɗi, ba kowa a hannuna."